Gaisuwa Ta Yi wa Sabar Nauyi

Bango ɗaya ne tsakanin ɗakina da zauren Baba, bangon ma irin na tsofaffin gidajen Agege, wanda in mutum ya yi tari ta can sai ka ji kamar a kunnenka ya yi. A jikin bangon nan na girma. Baba fatoma ne, shi ke saukar da masu kawo shanu daga Arewa: ya ba su wurin kwana, ya nemo musu mai saye a kara, ya tsaya musu in mahauci ya ja sa ya ce sai ya yanka ya sayar. Duk tirelar da ta sauke a unguwarmu, da wuya masu ita su wuce ba su cire takalmi a ƙofar zaurenmu ba.

Ni mace ce, ba na shiga zaure in da baƙi. Iyakata in tura tiren abinci ta ƙasan labule in koma. Amma kunne ba ya neman izini. Tun ina 'yar ƙanƙanuwa na haddace yadda ake tarbar wanda ya sha hanya: maraba, sannu da zuwa, ya hanya, ina gajiya, ya aka baro mutan gida, ya ruwa a wajenku, ya dabbobi suka iso. Baba ba ya gaggawa. Yakan ja kowace tambaya kamar mai warware rawani, baƙo ya amsa, shi ma ya jero nasa, sai shayi ya huce kafin wani ya ambaci sa ko saniya. Ni kuwa ina bayan bango ina amsawa a zuci, lafiya lau, ba gajiya, suna gaishe ka. Ba a taɓa yi mini irin wannan gaisuwar ba, don 'yar gida ba ta fito daga ko'ina ba balle a tambaye ta hanya.

Na yi karatun kwamfuta a nan Legas, na gama, na yi ta yawo da takardu a motocin haya na danfo, in sauka Oshodi in sake hawa, har takalmina ya san duk wata kwalbati da ke tsakanin nan da can. Aiki bai samu ba sai 'yan tsince-tsince, in haɗa wa wani mai shago a Ogba shafin intanet, ya yaba, ya manta da ni. A tsakanin nan Inna ta rasu. Yayyena maza biyu kowa ya kama gabansa, ɗaya ya koma Kano, ɗaya ya bi tirela. Sai wata la'asar Baba ya yanke jiki ya faɗi a masallaci, ɓarin jikinsa na hagu ya shanye. Muka yi ta zaryar asibiti a Idi-Araba. Baki ya dawo, ƙafa ta ƙi.

Ana cewa zumunta a ƙafa take, ban san nauyin maganar ba sai da ta Baba ta tsaya. Da fari zaure ya cika da 'yan dubiya. Daga nan aka fara raguwa. Fatoman da ba ya iya shiga kara ya dafa bayan sa, wa zai kawo masa dukiyarsa? Masu shanu suka koma wajen samarin dillalai masu waya biyu-biyu a hannu. Ban ga laifinsu ba, amma na tsine musu a zuci ba sau ɗaya ba.

Baba ya sa aka mayar da gadonsa zaure, fuskarsa na kallon ƙofa. Rashin la'ada bai dame shi kamar shirun ba. Ta bango nake jin abin. In takun takalmi ya doso, sai in ji ya yi gyaran murya, yana shirin cewa maraba. Takun ya wuce. Sai ya yi kamar tari ne ya taso masa. Mutumin da ya yi rayuwarsa duka yana amsa sallama, ga shi yana kwance yana jiran wadda ba ta zuwa, kuma ina ganinsa yana ramewa a kan wannan fiye da kan ciwon. Don kada zauren nan ya mutu na zauna na fara haɗa manhajar. Ban yi don in zama wata ba.

Abin ba shi da wata sarƙaƙiya a ido. Shafi ne da kowace waya za ta iya buɗewa. Mai shanu yana kan hanya zai sa hoton dabbobinsa, ya faɗi yawansu da garin da ya kai. Mahautan abatuwa su gani tun motar ba ta iso ba, kowa ya kama wanda yake so. Kowane garke kuma yana ƙarƙashin sunan fatoman da ya tsaya masa, kuma sunan farko da na sa na Baba ne. Baffa, ƙanin Baba, haifaffen Legas da Yarabanci da Turancin buroka suka fi zama a bakinsa, shi ya zama ƙafar Baba a cikin kara.

Sarƙaƙiyar tana ƙasa, inda ba mai gani. Duk abin da ka buɗe a waya, akwai wata kwamfuta a wata ƙasa da ke miƙo maka shi, ita ake kira sabar, kuma hayarta ake yi, da dala. Ni mafi araha na kama, wadda masu kuɗi ke gwaji da irinta su yar. Ƙungiyar masu shanu ta yarda tana ba da wani ɗan abu duk wata, wanda da kyar yake rufe hayar. Laftof ɗina kuwa batirinsa ya mutu tun ina makaranta, in aka ɗauke wuta shi ma ya ɗauke. Sai na koyi tunani a kan tabarma lokacin duhu, in an kawo wuta in rubuta da gudu.

Talauci ya koya mini dabarun da makaranta ba ta koya mini ba. Hoton sa, kafin ya bar wayar mai shi na riga na matse shi, ƙaho ya yi dishi-dishi amma tozo da ƙirji suna fitowa, su ne mahauci ke dubawa dama. Shafin farashi, maimakon sabar ta sake haɗa shi duk lokacin da wani ya buɗe, sai na sa ta haɗa sau ɗaya ta yi ta rabawa, kamar yadda Inna ke tuƙa tuwo tukunya guda a yi ta kwasa wa baƙi. Amma dabarar da na fi ji da ita ta salla ce. Duk darussan da nake kallo a intanet, na Turawa ne masu zancen mutanen da ke shigowa kaɗan-kaɗan tun safe har yamma. Mutanena ba haka suke ba. Ana tada iƙama sai shafin ya zama kamar maƙabarta. Liman na sallamewa, kowa ya shafa addu'a ya zaro waya a lokaci guda, daga Agege har bakin iyakar Nijar. Sabar ta yi ta haki. Sai na ɗauko jadawalin salla na ɗaura mata, na sa ana hayo mata mataimakiya daf da sallamewa, a mayar da ita in jama'a sun watse. Ban taɓa jin wani ya yi haka ba, kuma ya yi aiki.

Ranar da ya fara aiki na rasa wanda zan gaya wa. Na fita tsakar gida na tarar da Baffa yana alwala, na kwashe bayani tas na zuba masa. Ya kurkure baki ya tofar.

“To madalla. E dey work dai ko?”

“Yana yi, Baffa.”

“Shi ke nan, no wahala.”

Wata tsohuwa Bayarabiya maƙwabciyarmu, wadda muke kira Iya, ita takan leƙo ta taga ta gan ni gaban laftof tun hantsi, ta girgiza kai ta ce Allah ya sa ba damfarar Turawa nake yi ba. A zaurukan masu haɗa manhaja na intanet kuma, in na yi tambaya sai a ce in sayi kaza, in yi hayar kaza, kamar wanda ya ce yana jin yunwa aka ce masa me ya hana shi yanka rago. Ƙawayena duk sun yi aure, hirarsu ta zama ta awo da kuɗin makaranta, tawa ta zama abin da ba ya faɗuwa a gidan suna. A kara ma ba wanda ya san ni. Cewa suke yaran Alhaji ne suka haɗa abin, Baba suke nufi. Nakan zauna bayan la'asar ina kallon wani layi a allon laftof yana hawa, alamar jama'a sun shigo, dubbai, duk ta hannuna suke bi, ba ko ɗaya da zai gane ni in mun haɗu a bakin layin dogo. Kaɗaici ne, ba sai na saka masa wani suna ba.

Abin da ya sa manhajar ta bazu shi ne murya. Mutanenmu da yawa ba sa son rubutun boko, wasu ba su iya ba, wasu yatsunsu sun fi ƙarfin allon waya. Sai na sa maɓalli guda, ka danna ka riƙe ka yi magana. Kafin a ce me, masu albasa da tumatir na kasuwar Mile 12 sun aiko Baffa yana roƙo a sa su, masu fata sun shigo, direbobi sun shigo. Kuma tunda duk garken da ke ƙarƙashin sunan Baba saƙonsa a wayar Baba yake sauka, sai bangona ya sake yin magana.

Ba zan manta ranar farko ba. Ina zaune na ji muryar wani dattijo, mutumin Maraɗi da ya daɗe yana sauka gidanmu, tana fitowa daga zaure kamar yana zaune a kan buzu.

“Salamu alaikum maigida. Maigida barka da war haka. Ina gajiya? Ya ƙarfin jiki? Allah shi ƙara sauƙi, Allah shi sa kaffara ne. Ya iyali, ya yara, ya Ikko da ruwanta? Mutan gida duka suna gaishe ka, har tsohuwa ta ce in na samu talho in isar. To maigida, muna bisa kamyo tare da shanu, mun wuce Mokwa.”

Na ji Baba ya yi gyaran murya, wannan karon ba ta koma tari ba. Ya danna da babban yatsansa na dama, mai lafiyar, ya fara: wa alaikumus salam, maraba, maraba, sannunku da hanya. Ya ja ta yadda ya saba, har da tambayar wata saniya mai ƙaho ɗaya da aka taɓa kawowa shekarun baya. Na kifa kaina a kan laftof na yi kuka, na share hanci da gefen zane na ci gaba da aiki.

Daga ranar Baba ya dawo mutum. Wayar tana kan ƙirjinsa kullum, ya hana a kai ta caji sai yana barcin rana. Ya fara cinye abincinsa. Ya fara yi mini tsiya, yana cewa miyata ta fi ta asibiti da kaɗan. In baƙo ya gaishe shi da safe, yakan sake kunna saƙon da hantsi, ni kuwa in yi kamar ban ji ba.

Sai dai murya tana da nauyi. Hoto na iya matsewa, rubutu ba ya cin komai, amma murya sai an adana ta, an kuma miƙa wa duk wanda ya danna, kowane miƙawa kuma ana caje ni. Na zauna na saurari saƙonni barkatai don in ga inda nauyin yake, sai na tarar kusan duk gaisuwa ce. Cinikin yana can a wutsiya, kalma uku ko huɗu. Ga Naira tana ta zamewa, hayar da ƙungiya ke biya jiya ta isa, yau ba ta isa ba. Na aika Baffa ya nemi ƙari. Ya dawo yana dariya, wai wani Alhaji ya ce, abin da ke cikin waya ma sai an ba shi dusa?

Sau biyu sabar ta faɗi bayan sallar Juma'a. Na biyun ta daɗe ba ta tashi ba, har wani mai tumatir ya kira Baffa ya zage shi ta uwa ta uba. Ga Babbar Salla tana matsowa, lokacin da raguna ke kwararowa Legas kamar an buɗe musu ƙofa, kowane mai rago biyu ya zama ɗan kasuwa. Baffa ya same ni a tsakar gida, wannan karon ba dariya.

“Ke, ki ji ni da kyau. In abin nan ya faɗi lokacin layya, mutane na kan mota da dabba, ruwa na dukansu, ba su san inda za su sauke ba, wallahi sunan Yaya ne zai ɓaci, ba naki ba. Shi ya tsaya musu. Abeg, do something.”

Ba a fafe gora ranar tafiya, don haka na fara tun da sauran makonni. Na matse muryoyin har mutane suka koma kamar suna magana daga cikin randa. Na sa ana share tsofaffin saƙonni. Na cire duk wani ado da ke shafin. Na gwada, na kwaikwayi cunkoson layya a kan sabar, ta faɗi. Na sake ragewa, ta sake faɗi. Abu ɗaya ya rage, kuma tun farko na san shi ne, ina ta kewaye shi kawai.

Na datse muryar. Na sa mata iyaka, gwargwadon abin da mutum zai faɗa a numfashi biyu, da wani ɗan zobe da ke zagayawa yana nuna lokaci na ƙarewa. Yawan dabba da sunan gari kuma na mayar da su abin dannawa. Ina yi ina masifa ni kaɗai a ɗaki. Mutum yana saman tirela, ragunansa na haki, amma sai ya tambayi lafiyar kajin gida! Sai ka ce in ba a ce ina gajiya ba gajiyar za ta yi fushi. Haushin mutanena nake ji, da haushin dala, da haushin masu ƙungiya da suke iya yanka sa don walimar ɗan uwansu amma ba sa iya ciyar da abin da ke kawo musu kasuwa. Kuma ko yau aka ba ni wannan sabar da wannan aljihun, abin da zan yi ke nan. Ban ga wata hanya ba a lokacin, har yanzu ma ban gani ba.

Kwanakin farko abin dariya ne. Saƙo ya zo, salamu alaikum, ina kwana, ina gajiya, ya iya, ɗif. Ba dabba, ba gari. Mutum ya sake, ya ƙara sauri kamar mai karatun tilawa, a sake yanke shi a kan ya ƙarfin jiki. Aka yi ta tsine wa yaran Alhaji. Baffa ya bi rumfa-rumfa yana bayani, ku faɗi abin da ya kawo ku kawai, straight, ba dogon zance. Ɗan kasuwa kuwa in asara ta leƙo shi yana da saurin karatu. Kafin ragunan farko su iso kowa ya koya.

Layya ta zo da ruwa kamar da bakin ƙwarya. Unguwa ta cika da kukan raguna da warin jiƙaƙƙen gashi, 'yan okada na ratsa taɓo a kan babura da rago a kan cinya. Ni ina ɗaki, idona kan layin nan. Liman ya sallame, layi ya miƙe sama inda bai taɓa kaiwa ba, sabar ko gezau. Haka har aka yi Salla. Baffa ya shigo da cinyar rago guda ya dire mini a ƙofar ɗaki ya ce, oga madam. Na ji daɗi ƙwarai. Na soya naman na ci ni kaɗai, ina ji a raina yau dai na isa.

Sai da hayaniyar Salla ta lafa na lura da bangona. Saƙonni na shigowa wayar Baba fiye da da, amma abin da nake ji guntaye ne, kamar ana jifa da tsakuwa. Mun wuce Ilori. Gobe da safe. An sauke. Sai in ji Baba ya fara nasa, wa alaikumus salam, maraba, maraba, sannu da, sai shiru. Ya sake dannawa, ya sake farawa daga sallama, a sake yanke shi. A duk lissafina na masu tirela da masu tumatir, ban zauna na ce shi ma zoben nan zai zagaya a kansa ba. Ko kuwa na sani na kau da kai, ban iya rantsuwa.

Wata ranar da hantsi ya kira ni. Sunan mahaifiyarsa gare ni, don haka bai taɓa kiran sunana ba.

“Uwata, zo ki duba mini.”

Na shiga. Ya ɗago hannun daman yana juya shi yana kallo.

“Ina jin wannan ma ya fara ƙi. Ina dannawa, kafin in gama gaisuwa sai ya saki. Kada ki gaya wa Baffanki tukuna.”

Ashe tun kafin Salla yake kwance da wannan tsoron, yana zaton ɗaya ɓarin ne ke bin ɗan uwansa, ya rasa wanda zai gaya wa. Na durƙusa a gaban gadon na ce masa hannunsa lafiya lau yake, ni ce. Na yi masa bayanin sabar, da haya, da nauyin murya, da layya. Shi ne mutum na farko da ya taɓa sauraron bayanin aikina har ƙarshe bai katse ni ba. Da na gama ya mayar da idonsa kan ƙofa.

“Ashe gaisuwa nauyi gare ta,” ya ce. “To su ma da suka daina, ba fushi suka yi da ni ba ke nan?”

“Ba fushi ba ne, Baba.”

“Alhamdulillahi. Ki bar shi yadda yake. Kada ki ɓata wa mutane kasuwa saboda tsoho.”

Ban bar shi ba. Akwai wata tsohuwar kwamfuta da wani mai shago ya ba ni a madadin godiya, na kakkaɓe ta na tura ƙarƙashin gadona. Na buɗe wata 'yar ƙofa ta gefe a manhajar: duk saƙon da za shi wajen Baba, da duk wanda zai fito daga wajensa, ba iyaka, ba zobe, kuma ba sabar haya zai hau ba, a nan gida zai sauka. In an ɗauke wuta ya jira, in an kawo ya shigo. Na rubuta sanarwa a saman shafi. Na sa Baffa ya faɗa a masallacin kara. Na koma na jingina da bango ina jira.

Garin neman gira aka rasa ido. Mutane sun riga sun saba. Abin da kakanni suka yi shekaru suna ginawa, layya ɗaya ta isa ta koya wa yatsa ya danna ya wuce. Mutum biyu ko uku suka yi doguwar gaisuwa sau ɗaya, irin ta wanda aka ce je ka duba marar lafiya, ba su ƙara ba. Na tambayi Baffa labarin dattijon Maraɗi. Ya ce tun da aka yanke shi sau uku a jere ya miƙa wa ɗansa wayar ya ce shi ba ya magana da abin da ba shi da kunya. Ɗan kuwa gwanin dannawa ne.

Manhajar ta ci gaba da girma. Har yau tana nan, kuma ba ta ƙara faɗuwa ba. Baba ya daina ɗora wayar a ƙirji, ya koma ajiye ta gefen matashi. Tuwo ya fara dawowa da saura.

Wata la'asar, akwai wuta, liman ya sallame, layin nan ya fara hawa a allo kamar kullum. Na ji takun takalmi a waje, na ji Baba ya yi gyaran murya, takun ya wuce, ya mayar da ita tari. Na rufe laftof ɗin. Na ɗauki wayata na nemo sunan Baba, na danna na riƙe. Na yi ƙasa da murya, ko da yake na san bangonmu.

“Salamu alaikum maigida. Barka da la'asar. Ina wuni, ina gajiya? Ya ƙarfin jiki? Allah ya ƙara sauƙi. Ya iyali, ya Ikko da ruwanta?”

Na jero ta duka, yadda na haddace ta tun ina tura tire ta ƙasan labule, ban tsallake ko ɗaya ba. Na saki. Kwamfutar ƙarƙashin gado ta yi ɗan gurnani. Can sai na ji muryata tana fitowa daga zaure, siririya. Ta ƙare. Na fara jin kunya, na ce yanzu zai kira ni ya ce wane irin wasa ne wannan.

Sai na ji ya gyara kwanciya. Na ji shi ta bango tukuna, kafin wayata ta yi ƙara.

“Wa alaikumus salam. Maraba, maraba da baƙuwa. Sannu da zuwa. Ya hanya? Ina gajiya? An sha hanya, sannu, sannu. Ya aka baro mutan gida?”

Bai yi gaggawa ba, ba kuma abin da ya yanke shi. Na danna zan amsa da lafiya lau ɗin da na yi shekaru ina faɗa a zuci, sai na fasa. Na ajiye wayar. Na ɗora shayi, na sa mayafi, na fita ta ƙofar baya na zagayo ta titi, Iya tana kallona daga tagarta. Na tsaya a ƙofar zaure na cire takalmi inda baƙi ke cirewa, na yi sallama.

Ya amsa, ya nuna mini buzu da hannun daman. Mu biyu ne a zauren, kuma shayin ya huce kafin mu gama gaisawa.